Alan Page da Kotun Ƙolin Jihar Minnesota: Tambayoyi da Amsoshi

Jiha kuma tana da kotun ƙoli? Ba ƙasa ce kaɗai ke da ita ba?

A Najeriya haka ne: Kotun Ƙoli ɗaya ce, tana Abuja, jiha kuwa iyakarta Babbar Kotu da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ko ta gargajiya. Amurka ba haka take ba. Kowace jiha cikin 50 tana da tsarin mulkinta, da dokokinta, da kotun da ke da maganar ƙarshe a kan fassarar waɗannan dokoki. Kisan kai, gado, saki, rigimar fili, bashi, hatsarin mota, galibinsu a ƙarƙashin dokar jiha suke, a kotunan jiha kuma suke ƙarewa.

Sunan yana iya ruɗar mutum. A New York, kotun da ake kira "koli" ita ce ta matakin farko, mafi girman kuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ake ce mata. Texas da Oklahoma kowace tana da manyan kotuna biyu, ɗaya ta manyan laifuka, ɗaya ta sauran ƙararraki. Ta Minnesota dai sunanta da aikinta sun dace. Alƙalai bakwai ne, Babban Alƙali da wasu shida, suna zama a birnin St. Paul.

Wane ne Alan Page?

An haife shi ranar 7 ga Agusta, 1945, a garin Canton na jihar Ohio. Ya zauna a Kotun Ƙolin Minnesota daga Janairun 1993 zuwa ƙarshen Agustan 2015, shekara 22 da 'yan watanni, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya hau wannan kujera.

Kafin nan, Amurkawa a filin wasa suka san shi. Ya yi karatun kimiyyar siyasa a Jami'ar Notre Dame, ya gama a 1967, a shekarar kuma ƙungiyar Minnesota Vikings ta ɗauke shi a ƙwallon Amurka, wadda ake runguma da hannu a sheƙa da gudu. Aikinsa a fili shi ne tare hanya da kayar da mai riƙe da ƙwallo. A 1971 aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, abin da ɗan tsaron baya bai taɓa samu ba kafinsa. Sau huɗu ya kai wasan ƙarshe da Vikings, sau huɗu aka doke su. Ya ƙarasa wasa a Chicago Bears a 1981. A 1988 aka shigar da sunansa zauren tunawa da gwarazan wasan, wanda ke garinsu Canton. Yana matashi yana cikin leburorin da suka yi aikin ginin wurin. Wanda ya ga hotonsa cikin rigar alƙali zai lura da ƙaramin yatsan hannunsa na hagu, a karkace waje guda kamar an karya kara: tsarabar filin wasa ce.

Yaushe ya sami lokacin karatun lauya?

A Amurka ba a shiga karatun lauya daga sakandare. Sai ka yi digirin farko na shekara huɗu a kowane fanni, sannan ka yi shekara uku a makarantar lauyoyi, sannan ka zauna jarrabawar samun lasisi ta jihar da kake son yin aiki. Lasisin wata jiha ba ya ba ka damar tsayawa gaban kotun wata kai tsaye.

Page ya fara gwadawa a farkon shekarunsa na wasa, a wata makarantar lauyoyi ta dare a St. Paul, ya bari bayan 'yan makonni. Daga baya ya koma Jami'ar Minnesota, yana wasa yana karatu, ya gama a 1978. Jarrabawar lasisi ta kayar da shi a zaman farko, a na biyu ya haye. Shi da kansa yakan faɗa wa ɗalibai wannan, ba ya ɓoyewa.

Wane aikin lauya ya yi kafin ya zama alƙali?

Daga 1979 ya yi aiki a kamfanin lauyoyi na Lindquist & Vennum a Minneapolis, a ɓangaren dokokin ƙwadago. Ba baƙon fanni ba ne a gare shi, domin ya wakilci 'yan wasa a ƙungiyarsu ta ƙwadago lokacin da suke ja-in-ja da masu ƙungiyoyin wasan. A 1985 ya koma ofishin Antoni Janar na jiha, a zamanin Hubert Humphrey na Uku, ya ci gaba da shari'o'in ma'aikata har zuwa 1993. Ya kuma zauna a majalisar gudanarwar Jami'ar Minnesota daga 1989.

Abin lura a nan: bai taɓa zama alƙalin ƙaramar kotu ba. Dokar Minnesota ba ta bukaci haka. Sharaɗin shi ne mutum ya zama lauya mai lasisin jihar, mai damar jefa ƙuri'a, wanda bai kai shekara 70 ba.

Zaɓen alƙalan ake yi ko naɗa su?

A takarda zaɓe ne, a aikace naɗi ne, kuma duk wanda bai gane wannan ba ba zai gane abin da Page ya yi ba.

Tsarin mulkin jihar ya ce jama'a ke zaɓen alƙali, wa'adinsa shekara shida, ba a rubuta jam'iyya a gefen sunansa. Amma ya kuma ce idan kujera ta zama babu kowa a tsakiyar wa'adi, gwamna ne zai cike ta, wanda aka naɗa kuma sai ya tsaya a babban zaɓen farko da ya zo bayan ya wuce shekara ɗaya a ofis. To sai al'ada ta zama alƙali ba ya jiran wa'adinsa ya cika. Ya ajiye aiki da saura, gwamna ya naɗa magaji, magajin ya yi shekara ɗaya ko biyu yana zama, ranar zaɓe kuma a buga sunansa a takardar ƙuri'a tare da kalmar da ke nuna shi ne mai riƙe da kujerar. Mai jefa ƙuri'ar da bai san kowa ba a cikin 'yan takarar alƙalanci, wanda shi ne mafi yawa, sai ya dangwala wa mai ci. Lauyoyi ma ba sa son ƙalubalantar alƙalin da gobe za su tsaya a gabansa.

Daga shigar Page a 1993 har ritayarsa, duk alƙalin da ya shigo kotun gwamna ne ya kawo shi da farko.

To shi ta yaya ya shiga?

Da ƙara a kotu. A 1990 ya nemi tsayawa, sai alƙalin da ke kan kujerar ya ajiye aiki, Gwamna Rudy Perpich ya yi naɗi, zaɓen ya sha ruwa. A 1992 ya sake fitowa, wannan karon kujerar Mai Shari'a Lawrence Yetka, wanda wa'adinsa ke ƙarewa. Akwai dokar da ta ba gwamna damar ƙara wa alƙali lokaci idan saura kaɗan ya cancanci fansho. Gwamna Arne Carlson ya yi amfani da ita ya ƙara wa Yetka wa'adi zuwa lokacin da zai cika 70, wato babu zaɓe ke nan, aka ƙi karɓar takardar takarar Page.

Page ya kai ƙara Kotun Ƙolin da yake neman shiga. Tunda maganar ta shafi abokin zamansu, alƙalan suka janye, aka zaunar da wasu a madadinsu. Hukuncin ya ce dokar an yi ta ne don wanda bai kai ga cancantar fansho ba, ba don wanda ya riga ya cancanta yake neman ƙari ba, kuma ba a kawar da zaɓen da tsarin mulki ya tanada saboda wannan. Aka soke ƙarin wa'adin. Yetka bai tsaya ba, Page ya ci zaɓen Nuwamba da fiye da kashi 60 cikin ɗari. Ya sake ci a 1998, 2004 da 2010.

A faɗi gaskiya, ba ƙarar kaɗai ta kai shi ba. Sunan da ya yi a filin wasa shi ne jarin da sauran lauyoyi ba su da shi. Masu sukarsa a lokacin nan suka kama, suka ce farin jini ne ba ƙwarewa ba. Shekara 22 na rubutattun hukunce-hukunce su ne amsar da ya bayar.

Ta wace hanya ƙara ke isa gaban waɗannan alƙalai bakwai?

Mataki uku ne. Kotun gunduma ce ke sauraron shaidu. Wanda bai gamsu ba ya tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda aka kafa a 1983 don rage wa Kotun Ƙoli kaya. A can alƙalai uku ke zama, kuma wajibi ne su duba ƙarar da aka shigar bisa ƙa'ida. Daga nan ne ƙofa ke ƙuntata. Kana da kwana 30 daga ranar hukunci ka shigar da gajeriyar takardar roƙo, kuma sai alƙalai uku cikin bakwai sun yarda sannan a karɓa. Mafi yawan roƙon ƙin sa ake yi, a layi ɗaya, ba tare da bayani ba.

Akwai waɗanda ke tsallake matakin tsakiya su zo kai tsaye: wanda aka samu da laifin kisan kai na mataki na ɗaya, wato mafi muni, hukuncin Kotun Haraji, hukuncin kotun diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki, wasu rigingimun zaɓe, da ladabtar da lauyoyi da alƙalai. Minnesota ta soke hukuncin kisa tun 1911, saboda haka mafi tsananin abin da ke zuwa gabansu ɗaurin rai da rai ne.

Me ke sa a ƙi karɓar roƙo?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne lauya ya cika takardarsa da cewa an zalunci wanda yake karewa. Wannan kotu ba don gyara kowane kuskure aka ajiye ta ba. Abin da take nema shi ne tambayar doka da amsarta za ta shafi jihar gaba ɗaya: dokar da aka ce ta saɓa wa tsarin mulki, ko wurin da hukunce-hukuncen ƙananan kotuna suka ci karo da juna, ko sabuwar matsalar da ba a taɓa yanke mata hukunci ba.

Na biyu, kawo hujjar da ba a tayar ba a kotun gunduma. Abin da lauya bai yi ƙorafi a kai ba lokacin shari'a, galibi ya wuce ke nan. Na uku, neman a sake auna shaidu. Kotun Ƙoli ba ta ganin mai shaida, ba ta jin rawar muryarsa, takarda kawai take karantawa, don haka ba kasafai take taɓa abin da alƙalin farko ya gano game da wanda ya faɗi gaskiya ba. Na huɗu kuwa lissafin kwana ne. Ka makara, an rufe.

Idan an karɓa, yaya aikin alƙalin yake?

Karatu ne da rubutu, zaman zaure kaɗan ne a ciki. Kowane ɓangare zai shigar da rubutacciyar hujjarsa, mai ɗaukaka ƙara da farko, sannan abokin shari'arsa, sannan gajeriyar amsa. Kowane alƙali yana da matasan lauyoyi masu taya shi bincike, waɗanda ke bin kundin shari'ar shafi-shafi su rubuta masa taƙaitawa.

Ranar sauraro, mai ɗaukaka ƙara yana da minti 35, ɗaya ɓangaren minti 25. Babu akwatin shaida, babu masu taya alƙali yanke hukunci, wato mutanen gari da ake zaɓowa su saurari shaidu. Lauya ne tsaye a gaban mumbari, alƙalai bakwai a jere a samansa, agogo na tafiya. Da wuya ya yi minti biyu ba a katse shi da tambaya ba. Wanda ya haddace jawabi ya zo karantawa shi ke shan wahala, domin tambayar da ke kayar da lauya ita ce: idan muka yarda da ƙa'idarka a yau, me za ta haifar a shari'ar da za ta zo gobe mai kama da wannan?

Daga nan alƙalan su shiga ɗaki su kaɗai, kowa ya faɗi matsayinsa. Huɗu ne rinjaye. Ɗaya daga cikin masu rinjaye zai rubuta daftari, ya zagaya ofis-ofis, a yi ta gyara. Wanda bai yarda ba ya rubuta nasa saɓanin. Yakan faru saɓanin ya janyo ƙuri'a ɗaya ya koma shi ne hukuncin kotu, shi ya sa ba a ɗaukar ƙuri'ar ɗaki a matsayin ta ƙarshe sai ranar da aka fitar da takarda.

Waɗanne shari'o'i aka fi tuna shi da su?

Wadda ta fi ƙara ita ce rigimar kujerar Majalisar Dattawan Amurka ta 2008 tsakanin Norm Coleman da Al Franken. An jefa ƙuri'a kusan miliyan 2.9, tazarar ba ta kai 400 ba. Babban Alƙali Eric Magnuson da Mai Shari'a G. Barry Anderson sun zauna a kwamitin tantance ƙuri'u, don haka suka janye daga shari'ar. Page, a matsayin wanda ya fi daɗewa, shi ya ja ragama, shi ya zaɓi alƙalai ukun da suka saurari ƙarar zaɓen. Tun a Disambar 2008, da kotun ta ce ƙuri'un da aka aiko ta gidan waya aka ƙi su bisa kuskure ba za a ƙirga su ba sai 'yan takarar biyu sun amince, Page ya rubuta saɓani mai zafi. Hujjarsa ita ce ƙuri'ar halal ba ta jiran yardar ɗan takara. Ranar 30 ga Yuni, 2009, alƙalai biyar baki ɗaya suka tabbatar Franken ya ci da ƙuri'a 312, Coleman ya amince a ranar.

Sauran kuwa galibi saɓani ne, nan ne kuma ake jin muryarsa sosai. A shekararsa ta farko, a shari'ar Skeen, kotun ta yarda ilimi haƙƙi ne na asali a tsarin mulkin jihar amma ta bar tsarin rabon kuɗin makarantu yadda yake. Page bai yarda da wannan rabin na biyu ba. A 2012 ya ƙi amincewa da yadda aka tsara tambayar raba-gardama kan tilasta nuna katin shaida wajen zaɓe, ya ce abin da aka rubuta wa mai ƙuri'a ba shi ne ainihin abin da gyaran tsarin mulkin da ake nema ya ƙunsa ba. Rinjaye ya bar tambayar, jama'a kuma suka kayar da gyaran a Nuwamba. Ya kuma daɗe yana matsa lamba kan yadda ake cire baƙaƙen fata daga cikin masu taya alƙali yanke hukunci, da wariyar launi a harkar shari'a gaba ɗaya, batun da wani kwamitin kotun a ƙarƙashin Mai Shari'a Rosalie Wahl ya fitar da rahoto a kansa a 1993.

Kotun Ƙolin Amurka tana iya rushe hukuncinsu?

Sai idan akwai batun tsarin mulkin tarayya ko dokar tarayya a ciki. Idan hukuncin ya tsaya da ƙafarsa a kan dokar jiha kaɗai, Kotun Ƙolin Amurka da ke birnin Washington ba ta da ta cewa. Mai neman zuwa can yana da kwana 90, kuma sai alƙalai huɗu cikin tara sun yarda.

Misali daga shekarar Page ta ƙarshe: shari'ar Bernard, ta wani da ya ƙi hura na'urar gwajin barasa bayan an kama shi, aka tuhume shi da laifin ƙin. Rinjayen kotun Minnesota ya ce 'yan sanda ba sa bukatar sammacin alƙali don wannan gwaji. Page da abokin zamansa Mai Shari'a David Stras, wanda ake ganin ɗan ra'ayin riƙau ne, suka haɗu suka rubuta saɓani ɗaya. A 2016 Kotun Ƙolin Amurka ta haɗa ƙarar da wasu daga North Dakota, ta raba gardamar biyu: gwajin numfashi ba ya bukatar sammaci, ɗibar jini kuwa yana bukata.

Alƙalin da ke neman ƙuri'a, ba zai karkata ga masu ba shi kuɗi ba?

Wannan ita ce babbar sukar tsarin, kuma tana da tushe. Minnesota ta taɓa hana 'yan takarar alƙalanci bayyana ra'ayinsu kan batutuwan da ake gardama a kai. A 2002 Kotun Ƙolin Amurka, da ƙuri'a 5 da 4, ta soke hanin, ta ce ya tauye 'yancin magana. A West Virginia wani shugaban kamfanin kwal ya kashe kimanin dala miliyan 3 wajen taimaka wa zaɓen alƙalin da daga baya ya zauna a kan ƙarar kamfaninsa, har sai da Kotun Ƙolin Amurka ta ce a 2009 dole ne da ya janye. A Wisconsin, maƙwabciyar Minnesota, zaɓen kujera ɗaya a 2023 ya ci sama da dala miliyan 50. A Iowa kuma masu ƙuri'a sun sauke alƙalai uku rana ɗaya a 2010 saboda hukuncin da kotun ta yanke kan auren jinsi.

Minnesota ba ta faɗa wannan rami ba a zamanin Page, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne al'adar naɗin nan da ta tare wa shi Page hanya a 1990: inda babu buɗaɗɗiyar kujera, masu kuɗi ba sa ganin abin zubawa. Riba da hasara a ƙwarya ɗaya.

Me ya sa ya sauka a 2015, alhali wa'adinsa bai cika ba?

Dokar jihar ta ce alƙali ya sauka a ranar ƙarshe ta watan da ya cika shekara 70. Ya cika ranar 7 ga Agusta, ya sauka ranar 31. Gwamna Mark Dayton ya naɗa Natalie Hudson a gurbinsa, wadda ta zama Babbar Alƙaliya a 2023. Kujerar da ya shiga ta akwatin zaɓe, ta hannun gwamna aka cike ta.

Tsohon alƙali yana iya komawa aikin lauya?

A Minnesota yana iya. Eric Magnuson ya bar kujerar Babban Alƙali a 2010 ya koma kamfanin lauyoyi yana ɗaukaka ƙararraki. A Najeriya tsarin mulki ya hana wanda ya taɓa riƙe muƙamin alƙalin babbar kotu ya sake tsayawa gaban kotu a matsayin lauya, don haka wannan yakan ba mai karatu na gida mamaki. Wasu alƙalan Kotun Ƙolin Minnesota kuma gaba suke yi zuwa kotunan tarayya: Wilhelmina Wright a 2016, David Stras a 2018. William Brennan da David Souter daga kotunan ƙolin New Jersey da New Hampshire suka bi hanya har Kotun Ƙolin Amurka.

Page makaranta ya nufa. Tun 1988 shi da matarsa Diane suka kafa gidauniyar da ke ba ɗaliban Minnesota waɗanda ba farar fata ba tallafin karatun gaba da sakandare, da sharaɗin kowane mai karɓa zai koma ya ba da lokacinsa yana koya wa ƙananan yara. A 2017 aka sauya wa wata makarantar Minneapolis suna zuwa nasa, bayan ɗalibanta sun nemi a cire sunan tsohon gwamna Alexander Ramsey. A Nuwambar 2018, 'yan makonni bayan rasuwar Diane, Shugaba Donald Trump ya ba shi lambar girmamawa mafi girma ta farar hula.

A 2020 shi da Neel Kashkari, shugaban reshen babban bankin Amurka na Minneapolis, suka fito da shawarar a sauya sashen ilimi na tsarin mulkin jihar, a rubuta cewa kowane yaro yana da haƙƙin samun ingantaccen ilimi a makarantun gwamnati. Batun da ya sha kaye a kansa a shari'ar Skeen ne ya dawo da shi ta wata ƙofa. Ƙungiyar malamai ta jihar ta yi adawa da shawarar, majalisa kuma ba ta kai ta gaban masu ƙuri'a ba.